Gudawar yara a arewacin Kaduna: Ina matsayin sababbin magungunan 'gyaran ciki'?

A duk lokacin da damina ta kankama, ma'aikatan lafiya a ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna sun san abin da ke tafe. Ruwan sama zai kwashi ƙazanta daga bayan gari ya zuba a rijiyoyi da kududdufai, kafin a jima kuma iyaye mata su fara isowa asibiti goye da yara masu zawo.

Idan damina ta wuce ma ba a huta ba, domin lokacin hunturu ne ƙwayar cutar rota, wadda ta fi kowace jawo mummunar gudawa ga jarirai, ta fi yaɗuwa a wannan sashe na Najeriya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 440,000 a kowace shekara a faɗin duniya, kuma Najeriya na sahun gaba cikin ƙasashen da suka fi yin wannan asara.

A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shigo kasuwar maganin wannan tsohuwar cuta. Shi ne garin magani ko ƙwanso da ake kira furobayotik, wanda ke ƙunshe da rayayyun ƙwayoyin halitta da aka ce suna gyara hanji. Ana samunsa a manyan kantunan magani na Zariya da Kaduna da Kano, inda masu kemis na ƙauyuka ke zuwa sari, haka kuma wasu kamfanonin yogot na buga irin wannan iƙirari a jikin robobinsu.

Ga magidancin da ya sayar da rake a kasuwar Makarfi, ko tumatir a Hunkuyi, ya tsaya gaban mai kemis da 'yan kuɗinsa a hannu, tambayar ba ta masana ba ce. Yana son sanin abin da zai fara saye ne, kuma kuskure a wannan zaɓi na iya zama sanadin rasa ɗa.

Asalin maganar

A cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani, waɗanda yawansu ya kai tiriliyoyi. Akasarinsu ba sa cutarwa. Suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna samar da wasu sinadarai masu gina jiki, sannan suna tare wa ƙwayoyin cuta wurin zama. Gudawa mai tsanani, ko shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta na antibayotik, kan wargaza wannan tsari.

Tunanin a mayar wa hanji da ƙwayoyi nagari ta baki ya haura shekara ɗari. A shekarar 1907 wani masani ɗan Rasha da ke aiki a birnin Paris, Elie Metchnikoff, ya danganta tsawon ran manoman ƙasar Bulgeriya da yawan shan nono mai tsami. A shekarun 1920 kuma wani Bafaranshe, Henri Boulard, ya samo wani nau'in yis daga ɓawon 'ya'yan itatuwa a kudu maso gabashin Asiya, wanda har yau ake sayarwa da sunansa a matsayin maganin zawo.

Sai a shekarar 2001 ne ƙwararrun WHO da na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka zauna a ƙasar Ajantina suka tsayar da ma'anar kalmar: ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda idan aka sha isasshen adadinsu za su amfani lafiyar wanda ya sha.

Sharuɗɗa uku ne ke ɓoye a wannan ma'ana, kuma a kansu ne duk gardamar ta rataya. Dole ƙwayoyin su kasance da rai lokacin da aka haɗiye su, dole su kai adadi, kuma dole a ce an gwada an ga amfanin nasu.

Abin da bincike ya nuna

Da farko labarin ya yi daɗi. A shekarar 2010 ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace sakamakon binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 63 da aka yi a kan mutane kimanin 8,000, akasarinsu yara, ta kuma bayyana cewa waɗannan magunguna na rage tsawon gudawa da kusan yini guda. Likitocin yara a ƙasashe da dama suka shiga rubuta su, kamfanoni kuma suka samu abin kafa hujja a tallace-tallacensu.

To sai dai da yawa daga cikin waɗancan gwaje-gwaje ƙanana ne, wasu kuma ba a tsara su da kyau ba. Akwai kuma wata sananniyar matsala a fagen bincike, wato gwajin da ya nuna nasara ya fi samun shiga mujallu a kan wanda bai nuna komai ba.

A watan Nuwamban 2018 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta wallafa sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu da suka sauya alƙiblar muhawarar. Na farko an yi shi ne a asibitoci goma na Amurka a kan yara 971, na biyu kuma a Kanada a kan yara 886. An raba yaran gida biyu, rabi aka ba su maganin na tsawon kwana biyar, rabi aka ba su wani gari mai kama da shi wanda babu komai a ciki, ba tare da iyaye ko likitoci sun san wanda ya samu wanne ba.

Sakamakon bai nuna wani bambanci ba. A gwajin Amurka, gudawar ta ɗauki kimanin awa 50 a kowane ɓangare.

Shekaru biyu bayan haka, a 2020, ƙungiyar Cochrane ta sake bitar aikinta, a wannan karon da gwaje-gwaje 82 da mutane fiye da 12,000. Da ta ware waɗanda aka tsara da inganci, sai ta ce bisa dukkan alamu maganin ba ya rage yawan masu gudawar da ke wuce kwana biyu. A shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar kada a riƙa ba yara masu gudawa wannan magani.

Takwarorinsu na Turai ba su tafi da nisa haka ba. Sun bar ƙofa a buɗe ga wasu 'yan nau'o'i da aka ambata da suna, amma su ma sun amsa cewa hujjar ba ta da ƙarfi, kuma sun nanata cewa ƙari ne kawai a kan maganin mayar da ruwan jiki.

Akwai inda hujjar ta fi tsayuwa da ƙafafunta. Yaron da ke shan antibayotik saboda wata cuta dabam, kamar ciwon kunne ko na haƙarƙari, yakan kamu da zawo a sanadin maganin kansa. Bitar da aka yi a shekarar 2019 a kan yara fiye da 6,000 ta nuna cewa kashi 8 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa musu da furobayotik ne suka yi zawo, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 19 ne. Wannan bambanci ne na a zo a gani, kodayake riga-kafi ne na wani nau'in zawo na musamman, ba shi ne irin wanda ruwan rijiya ke jawowa ba.

Masu kare maganin na cewa yaran Amurka da Kanada ƙosassu ne, an yi wa akasarinsu riga-kafin rota, don haka bai kamata a auna yaron Ikara da ma'auninsu ba. Maganar tana da kama hankali. Babban misalin da suke kawowa shi ne na jihar Odisha ta Indiya, inda aka bai wa jarirai sababbin haihuwa 4,556 ko dai wani zaɓaɓɓen nau'in ƙwayar haɗe da abincinta ko kuma gari maras komai, na tsawon mako guda. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna raguwar kashi 40 cikin ɗari na mummunar cutar da ke shiga jinin jarirai ko mutuwa. Abin lura shi ne masu binciken sun tace ɗaruruwan nau'o'i kafin su tsayar da guda ɗaya, kuma nasarar wannan ɗayan ba ta zama shaida ga sauran da ke kan kanta ba.

A nahiyar Afirka kuwa sakamakon gauraye yake. Gwajin da aka yi a Malawi a kan yara 795 masu tamowa, wanda aka wallafa a 2009, bai nuna cewa maganin ya ƙara yawan masu warkewa ba. Wani da aka yi a asibitin Mulago na birnin Kampala a kan yara 400 bai nuna amfani ba a lokacin da suke kwance, amma kwanakin zawo sun ragu bayan an sallame su.

Kindirmo da koko

Ga mutanen ƙasar Zazzau, batun abinci mai tsami da ke gyara ciki ba baƙon abu ba ne. Tun kafin Metchnikoff ya san Bulgeriya, matan Fulani ke dafa madara, su bari ta huce, su zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, ta kwana ta zama kindirmo. Wannan ragowar da ake zubawa ita ce irin, kuma ƙwayoyin da ke cikinta dangin waɗanda ake sayarwa a ƙwanso ne. Haka abin yake ga gasarar koko da kunun zaƙi da daddawa, duk aikin irin waɗannan ƙwayoyi ne.

Wannan ya sa wasu ke ganin cewa babu dalilin kashe kuɗi a kanti tunda ƙwaryar nono na zagayawa ƙofa-ƙofa. Amma lamarin bai zo da sauƙi haka ba.

Koko dai ana dama shi ne da tafasasshen ruwa, wanda ke kashe akasarin ƙwayoyin. Abinci ne mai kyau ga maras lafiya, sai dai ya fita daga ma'anar da masana suka tsayar. Wasu masu bincike sun gwada ruwan tsamin da ke tasowa a saman gasarar gero, wanda ba a dafa ba, a arewacin Ghana, inda ake shan koko kamar yadda ake sha a ƙasar Hausa. Sun bi yara 184 masu gudawa, kuma rahoton da suka fitar a 2006 ya ce ruwan tsamin bai rage yawan zawon ko tsawon kwanakinsa ba, kodayake iyaye sun ba da labarin ɗan ƙarin kuzari ga yaran da suka sha bayan mako biyu.

Kindirmo kuwa yana ɗauke da ƙwayoyinsa da rai, kuma tsaminsa na rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta. Yana da sauƙin narkewa fiye da ɗanyar madara, domin tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin madara da ke wahalar da hanjin mai zawo. Shi ya sa jagororin kula da yara na WHO suka ambaci nono mai tsami cikin abincin da za a iya bai wa yaron da gudawarsa ta daɗe, a madadin madarar shanu.

Matsalar tana tsakanin ruga da bakin yaro. Nonon da aka kaɗe aka cire man shanu ana ƙara masa ruwa kafin ya isa kasuwa, wani lokaci har da garin kuka don ya yi kauri, kuma ruwan daga rafi ko buɗaɗɗiyar rijiya yake fitowa. Ga ludayi ɗaya da ke shiga kowace ƙwarya, ga ƙuda, ga ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura wadda ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Binciken da aka sha yi a jami'o'in arewa, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya sha gano ƙwayoyin cuta masu nasaba da bayan gida a cikin nonon da ake sayarwa a kasuwanni. Idan kuma ba a dafa madarar ba tun farko, akwai haɗarin tarin fuka na shanu da cutar bakkale.

Saboda haka ƙwarya ɗaya na iya ɗauke da abin da ke taimakon hanji da kuma abin da ke kwantar da yaro. Wanda aka dafa madararsa, aka rufe, ba a tsarma shi da ruwa ba, abinci ne da ya dace da yaron da ya wuce wata shida. Jaririn da bai kai haka ba, nonon uwa zalla ne abincinsa, kuma shi kansa nonon uwa yana ɗauke da wasu sinadarai da aikinsu shi ne ciyar da ƙwayoyi nagari a hanjin jariri. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nonon uwa zalla. A ƙauyuka da dama ana ɗura wa jariri ruwa tun ranar haihuwa, bisa tausayin cewa yana jin ƙishirwa.

Abin da ke kisa

Likitoci sun daɗe suna bayanin cewa yawancin yaran da gudawa ke kashewa ƙarewar ruwa da gishirin jiki ce ke kashe su. Idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa shan nono. Ko da a ce furobayotik na rage yini guda kamar yadda aka zata a 2010, ba ya mayar da ko cokali ɗaya na ruwan da ya zube.

Abin da ke yin wannan aiki shi ne haɗin gishiri da sukari na ORS. Hikimarsa ita ce hanji na iya tsotse gishiri da ruwa idan akwai sukari tare da su, ko da kuwa ana tsakiyar zawo. A shekarar 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangladesh, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira bayan ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai mace-macen masu kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

A Najeriya, waɗanda suka manyanta za su tuna yadda aka riƙa yayata ruwan gishiri da sukari a gidajen rediyo a zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, daga tsakiyar shekarun 1980.

A shekarar 2004 WHO da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka ƙara da ƙwayar zinki, wadda ake sha kullum na kwana 10 zuwa 14. Tana rage tsawon gudawar, tana kuma kare yaro daga sake kamuwa na wata biyu zuwa uku. Daga farkon shekarun 2010 ƙungiyar CHAI, wadda tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya kafa, ta yi aiki da gwamnatocin jihohi takwas, ciki har da Kaduna da Kano da Katsina, wajen wadata kasuwa da waɗannan magunguna biyu da kuma horar da masu kemis. A 2019 WHO ta sanya haɗaɗɗen ƙunshin ORS da zinki cikin jerin magungunan da suka zama wajibi.

Duk da haka, binciken 2018 ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na yara masu gudawa a Najeriya ne aka bai wa ORS, waɗanda suka samu ORS da zinki tare kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. ORS ba ya tsayar da zawo nan take, kuma uwar da ke wanke zane sau goma a yini tana son abin da zai tsayar. Mai kemis, wanda shi ne likitan farko a yawancin ƙauyukan yankin, ya san haka, ya kuma san ribar ƙunshin gishiri da sukari ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya haɗa da Flagyl ko wani antibayotik na ruwa, alhali yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsu, sai fa idan akwai jini a bayan gida ko ana zargin kwalara. A nan akwai abin mamaki: antibayotik ɗin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba shi ke kashe ƙwayoyin hanji nagari, sannan a dawo a sayar wa uba wani maganin don a mayar da su.

Akwai kuma tsohon imanin nan cewa zawon fitar haƙori ba cuta ba ce, wanda ke sa a yi jinkirin zuwa asibiti ko a koma ga magungunan haƙori. Mutanen Zariya ba su manta da shekarar 2008 ba, lokacin da gurɓataccen maganin haƙori mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80 a sassan Najeriya, aka kuma kwantar da wasu daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello.

Zafi da tsada

Ko da an ɗauka cewa wani nau'in yana da amfani, sharaɗin farko na nan: sai yana da rai. Wasu nau'o'in na buƙatar firji, waɗanda aka busar kuma suna da iyakar zafin da aka rubuta a jikin kwalinsu. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki yakan doshi digiri 40, shagon kemis mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi, wutar lantarki kuwa sai an gani. Mai saye ba shi da hanyar sanin ko abin da ke cikin ƙunshin ya mutu tun a hanyar Legas zuwa Kano. Lambar rajistar hukumar NAFDAC na nuna cewa kayan ya bi ta hannun hukuma, amma ba ta ba da labarin yadda aka adana shi bayan nan.

Sai batun kuɗi. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, kuma akasarin furobayotik daga waje suke zuwa. ORS da zinki kuwa ana yin su a cikin gida. Duk nairar da ta tafi ga ƙwanso mai tsada an rage ta ne daga kuɗin mota zuwa babban asibitin Ikara ko na Makarfi, ko daga kuɗin abincin da yaro ke buƙata don ya murmure.

Ba kuma za a ce maganin ba shi da haɗari sam ba. Ga mai ƙoshin lafiya da wuya ya yi illa, amma ga bakwaini da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, ƙwayar na iya ratsawa ta shiga jini. A shekarar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan mutuwar wani bakwaini da aka bai wa irin wannan magani.

Wannan gargaɗi na da muhimmanci a arewa maso yammacin Najeriya, inda gudawa da tamowa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowace na buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu sanadin tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025, shekarar da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare tallafin da suke bayarwa.

Darasi daga Maraɗi

Wani abin da ya sauya lissafin gudawa a ƙasar Hausa ya fito ne daga Madarunfa da ke jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A can ne MSF da cibiyarta ta bincike, tare da hukumomin lafiya na Nijar, suka gwada wani ɗigon riga-kafin rota da aka yi a Indiya, wanda ke jure zafi na tsawon watanni. Sakamakon da aka wallafa a watan Maris na 2017, a kan jarirai kimanin 3,500, ya nuna cewa ya rage mummunar gudawar rota da kusan kashi biyu cikin uku.

Najeriya ta shigar da riga-kafin rota cikin jerin na yau da kullum a watan Agustan 2022, ta kuma fara da jihohin arewa. Ana ɗiga shi a baki kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Amfaninsa ya dogara ne ga ko an kai jaririn, kuma yankin arewa maso yamma ya daɗe yana baya wajen kammala riga-kafi.

Muhimmancin gwajin Madarunfa shi ne an yi shi a kan yara masu cin abinci iri ɗaya da na Kudan, masu shan ruwa iri ɗaya, a cikin zafi iri ɗaya. Irin wannan gwaji ne furobayotik ke buƙata kafin a ce gwamnati ko magidanci su zuba kuɗi a kansa.

Kayan aikin kuwa suna kusa. Asibitin koyarwa da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa duk suna Shika, Makarfi na da tsohuwar makarantar horar da ma'aikatan lafiya, a Damau da ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Kubau kuma kamfanin Arla ya buɗe gonar madara a shekarar 2023. A gabashin Afirka an riga an gwada wata hanya: a Uganda da Tanzaniya ana raba wa ƙungiyoyin mata ƙananan ƙunshin irin nono mai ɗauke da sanannen nau'in ƙwaya, su dafa madarar gida su yi yogot su sayar. Ko bai zama maganin gudawa ba, tsarin na tilasta dafa madara da tsabtace mazubi, kuma kuɗin na zama a hannun matan.

Yankin ma ya taɓa ganin babban gwaji na raya karkara. A shekarar 2006 aka zaɓi Pampaida da ke ƙaramar hukumar Ikara cikin ƙauyukan muradun ƙarni na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka haɗa aikin asibiti da makaranta da rijiyoyin burtsatse da taki wuri guda, har zuwa ƙarshen shirin a 2015. Tunanin da ke bayansa shi ne lafiyar yaro ba ta rabuwa da ruwan da yake sha.

A wannan fanni tafiyar na da sauran nisa. Ƙididdigar hukuma ta 2021 ta nuna cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 48 ne ke bahaya a fili, kuma a shekarar ce kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 ta kashe fiye da 3,500, akasarinsu a arewa. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin kawar da bahaya a fili a 2019 da burin kammalawa a 2025. Jigawa ta zama jiha ta farko da ta cimma hakan a 2022, amma wa'adin na ƙasa baki ɗaya ya wuce ba a kai ba, an kuma mayar da shi 2030.